Shaidar Arɗo Buba da Farin Shafi

A shekarar da aka katse layukan waya a yankinmu na Birnin Gwari, bayan an maido su, akwai wata ranar Laraba da har yanzu ba ta fita raina ba. Ku da kuka zo aikin nan daga baya, bari in ba ku labarinta daga tushe.

Ni magatakarda ne a ƙungiyarmu mai sasanta manoma da makiyaya. Aikina shi ne in zauna gaban dattijo ya faɗi inda burtali ya bi, wato hanyar shanu tsakanin gonaki, in rubuta. Ƙa'idar ita ce a ɗauki shaidar gaba ɗaya, a karanta wa mai ita, ya dangwala yatsa, sannan a adana. Kafin dangwalawa, manhajar kwamfutar da muke rubutu a cikinta ba ta yarda a adana komai.

Wadda ta rubuta manhajar, Injiniya Rukayya, ta zo daga Kaduna ta koya mana aiki da kwamfutar hannu. Da ta ga littafina na ajami, sai ta yi dariya ta ce ai sun zo ne su raba ni da tawada. Na ce mata to, Allah ya ba da sa'a, na mayar da littafin aljihu.

A ran nan ta zauna da kanta ta ɗauki shaidar wani sarkin noma daga Randagi, don mu ga yadda ake yi. Ni kuwa hannuna ya saba, ina gefe ina bin maganarsa da ajami. Sun kusa awa guda sai sabis ya shigo. Ashe an tsara shafin da ake rubutu a kai ya riƙa sabunta kansa duk lokacin da ya samu sabis. A Kaduna wannan ba ya cutar da kowa, don sabis ba ya yankewa. A nan kuwa sai shafin ya juya, ya dawo fari fat. Na ga fuskarta ta canza. Sarkin noma yana saurin komawa gida, mai babur na jiransa, kuma shugabanmu yana jiran sakamako da yamma.

Da aka tashi salla, na buɗe littafina na karanta mata, ta sake bugawa, aka karanta wa sarkin noma ya dangwala. Ba wanda ya san abin da ya faru. Da za ta hau mota ta ce, "Baba Malam, bashi ne a kaina. Zan gyara abin nan." Wata ya bi wata ban ji daga gare ta ba, har na ɗauka alkawarin baƙo ne.

Da damina ta yi tsakiya aka aiko cewa Arɗo Buba, shugaban makiyayan wajen Gayam, yana kwance ba lafiya. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda aka shata tsohon burtalin wajen a gabansu. Idan kaka ta zo shanu suka sauko ba a san hanya ba, kowa ya san abin da zai biyo baya.

Ranar Larabar muka kama hanya, ni da mai babur. A mashigin wani rafi muka zame, jakata ta faɗa ruwa. Kwamfutar tana cikin leda, ta tsira. Littafina kuwa ya jiƙe sharkaf, ko alƙalami ba ya kama shi.

Arɗo yana jingine a ƙofar bukka. Ya dube ni ya ce, "Malam, Bahaushe ya zo wajen Bafulatani neman hanya?" Na ce masa ai mu bayinku ne a daji, Arɗo, a kasuwa ne muke ramawa. Ya yi dariya har tari ya kama shi. Sannan ya fara, a hankali, yana hutawa. Daga tsamiya mai rassa biyu zuwa farin dutse, daga nan a bar gonar gidan wane a dama, a gangara mashaya. Wani wurin sai ya faɗa da Fillanci matarsa ta fassara. Kowa a ƙasar nan addu'ar samun sabis yake yi, ni kuwa ranar ina roƙon Allah ya nisanta shi.

Muna gab da mashayar ƙarshe na ga sandunan sabis sun fito a saman allo. Shafin ya juya. Ya yi fari.

Na yi salati a zuci. Arɗo ya riga ya rufe ido don gajiya, na kuma san ba zai iya maimaitawa ba.

Sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allon: "Akwai rubutun da ba ka adana ba. A maido shi?" A ƙarƙashinsa an sake rubuta maganar da ajami. Na danna. Komai ya dawo, har kalmar da na tsaya a rabinta. Na karanta masa, ya gyara wuri ɗaya, ya dangwala.

Arɗo bai ga kakar ba, Allah ya jiƙansa. Da shaidarsa aka kafa turakun shata burtalin, shanu suka sauka ba a taɓa zangarniya ɗaya ba.

Daga baya na ji Rukayya ta sa manhajar ta riƙa ɓoye kwafin kowane harafi a cikin na'urar kanta, kuma idan shafi ya juya ta tambayi mai rubutu ko a maido masa rubutunsa. Ajamin kuwa, wajen kakanta ta je ya rubuta mata. Abin da na koya ke nan: maganar da dattijo ya ba ka amana ce tun kafin a adana ta, kuma mai rubuta manhaja yana cikin masu riƙon amanar, ko bai taɓa ganin mai maganar ba.

Da na kira ta na ba ta labari, sai ta ce, "To Baba Malam, na biya?"

Na ce, "Kin biya, 'yata. Allah ya yi miki albarka."