Ranar da Na Hau da Rabi Saman Bene

Unguwarmu Park Hill, shida saura kwata

Muna idar da sallar Asuba muka fito, ni da matata Rabi. Wata bakwai da isowarta daga Maraɗi, ba ta san ko'ina ba sai ɗakinmu da shagon kayan miya, har ta fara cewa in mai da ta gida. Abokina Idi, da muke sayar da jakunkuna tare a Canal Street, shi ya ce in kai ta saman dogon benen nan da baƙi ke hawa, wai in ta ga girman New York hankalinta zai kwanta. Ni kuma na biye masa, na rufe teburina ranar Asabar sukutum.

Bas minti ashirin zuwa bakin ruwa, jirgin ruwa minti ashirin da biyar, sai jirgin ƙarƙashin ƙasa. Duk tafiyar nan ni ne gaba, Rabi na biye.

Gindin bene, bakwai da rabi

Sammakon banza muka yi, sai tara ake buɗewa. Tikiti dala arba'in da huɗu kowane mutum. Aka caje mu kamar masu shiga jirgin sama: cire bel, cire agogo. Mai gadi ya ɗaga kwanon dambun da Rabi ta dafo, ya ce ba a shiga da abinci. Muka koma gefe muka cinye shi a tsaye, mutane na kallonmu.

Can sama, goma saura minti goma

Lif ya cilla mu cikin minti guda, kunnuwana suka toshe. Abin da ake ta zuzutawa ke nan: gidaje kamar kwalayen ashana, motoci kamar tururuwa, ga iska mai shiga ƙashi. An biya kuɗi a ga gari, amma kowa ya juya wa garin baya yana ɗaukar hoton fuskarsa.

Na shiga nuna mata: ga unguwar Harlem can, ga gada, ga kogi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Maigida, cikin gidajen nan duka, wanne zan iya shiga in yi sallama?”

Na sake nuna mata gadar.

“To me ka kawo ni in gani? Taga ce irin ta ɗakinmu, sai dai wannan ta fi nisa da mutane.”

Minti sha biyu muka yi. Ko hanyar fita sai da aka bi da mu ta kantin tarkacen tsaraba.

Canal Street, sha ɗaya da rabi

Na biyo da mu nan don in gaya wa Idi baƙar magana. Ina cikin masifa, wata dattijuwa mai sayar da gyale, Hajiya Balki, ta ji Rabi ta yi magana.

“Ke ’yata, harshen Maraɗi nake ji?”

“Shi ne, Inna.”

“Zo nan ki zauna!”

Awa biyu suna hira, Rabi na naɗe mata gyale, har da dariya. Hajiya ta ce ranar Litinin Rabi ta zo ta riƙa taya ta ciniki. Ta hararo ni: “Kai kuma ka koya mata hanya, ba kaya ba ce da za ka ajiye.”

Gida, huɗu da kwata

A hanyar dawowa Rabi ce gaba, tana karanta allunan tasha da ƙarfi don ta haddace. Mun iso lafiya, alhamdulillahi. Godiyata ga Allah, sai ga Hajiya Balki. Benen nan kuwa, duk mai zuwa daga gida ya nemi ɗan rakiya, ban da ni.