Gammon da Hansatu ta Ƙona

Ni da Hansatu da faɗa muka fara, a kan gammo. Tun zamanin da ake kashe sule nake suyar ƙosai a bakin titin Tungan Maje, ita ke kawo mini itace. 'Yar Gbagyi ce, su kuwa matansu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba sa ɗora wa kai komai.

Wata rana 'yarta Lidiya ta zo mini da kuka, wai yaran kasuwa na karkace wuya suna kwaikwayon tafiyarta, ita ta daina rako uwarta. Na naɗa mata gammo, na ce, "Ɗora a ka kamar kowa, ki huta."

Hansatu na gani ta fizge shi ta cusa a murhuna. Ta ce, "Iya, kan 'yata na tunani ne. Naki da kike ɗora wa tulu, me ya haifa ban da ƙosai?"

Na wanke ta tas, ta rama. Daga ranar ta tsakiyar kasuwa take ratsawa da yarinyar, kowacce da dami a kafaɗa, har masu dariyar suka gaji.

Lidiya ta yi karatu, ta zama malamar asibiti. Da idona na gan ta cikin fararen kayan aiki, ta karɓi doyar da uwarta ta ɗauko ta saɓa a kafaɗa, ana kallo.

Da Hansatu ta kwanta ciwon ajali na je dubiya. Na ce, "Ke dai bakinki ba daɗi, amma gara da kika ƙona gammon nan. Dama tsumma ne."