Rabin kuɗin Inna

Lokacin da ake yaƙi a ƙasarmu ina da ɗan shago a ƙauyenmu, kusa da garin Sinja. Wayata ce kaɗai mai asusun banki a unguwar, don haka duk sojan da zai aiko wa iyayensa kuɗi, ta hannuna suke bi. Nakan ciri ladana kafin in miƙa, kuma ba kaɗan nake cira ba, Allah Ya yafe mini.

Akwai tsofaffi biyu maƙwabta. Wadda muke kira Inna ɗanta soja ne mai lamba, aikensa ba ya fashi. Ɗayar kuwa, Gwaggo, ɗanta ɗan sa-kai ne, ba lamba ba albashi, ya tafi ya bar mata jikoki, ko labarinsa ba a ji.

Wata rana Inna ta ce in raba nata biyu, in ba Gwaggo rabi, in ce gwamnati ce ta aiko saboda ɗanta.

"Inna, ai wannan ƙarya ce."

"Ƙaryar tawa ce, ɗan nan. Kai miƙa kawai. In ta san daga gare ni ne, ko za ta kwana da yunwa ba za ta amsa ba."

Haka muka yi ta yi. Duk sanda Gwaggo ta karɓa sai ta ce, "Tunda suna biya, yana raye ke nan." Watan da layin waya ya ɗauke, ba abin da ya shigo. Inna ta sayar da akuyarta ta kawo mini kuɗin, don kada Gwaggo ta zo ta tarar babu, ta ɗauka ɗanta ya rasu.

Ni da ke cin ladan tsofaffi, a nan tsoron Allah ya taso mini. Da Gwaggo ta zo, na zaunar da ita kan buhun dawa na faɗa mata komai, ina jin kaina malami.

Ta ɗago kai ta dube ni. Sannan ta tambaya, "Ashe ba wanda ya san ko yana raye?"

Na ce babu.

Ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙo hannu.

"Ba ni. Ta sai da akuyarta, ba zan mayar mata da kunya ba. Kai kuma mai dogon baki, in ka gaya mata na sani, ban yafe ba."

Ban gaya wa Inna ba. Gwaggo ta ci gaba da zuwa duk wata, tana karɓa, tana gode wa gwamnati da ƙarfi yadda Inna za ta jiyo.