Kwandon Dawa Daga Gumani

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Garba mai goro. Ya tafi da damina, shekara guda bayan Gana ta sami 'yancin kai. Har yau in na bi ta kasuwar Tamale na ji ƙamshin ganyen goro, kewarsa takan kama ni.

Ya bar gida, da rumfa biyu, da wata gona a Gumani. Gonar ce ta so ta raba kanmu. Baba bai saye ta ba. Goro ya kai wa amininsa, wani dattijon Dagomba da ake kira Mba Napari, ya roƙi wurin noma, aka ba shi. Da ciwo ya tsananta, sai ya sa aka kira liman, ni ma ina zaune, ya ce kada a sa gonar cikin gado, aro ce, a mayar wa mai ita.

Yayana Sule ya ƙi. A lokacin kowa kansa ya ɗauki zafi, ana ta zancen sabuwar ƙasa da sababbin dokoki, shi kuma ya ce wanda ya daɗe yana noma wuri shi ke da shi. Allah ya jiƙan Yaya, bai taɓa riƙe fartanya ba, amma ranar sai ka rantse a kan kunyar gona aka haife shi. Na ce masa in an raba gonar, ni ba na cin ko zangarniya ɗaya, kuma zan faɗa wa duk mutanen Zango, unguwarmu ta Hausawa, abin da kunnena ya ji. Ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata, sannan ya sauko.

Da muka je mayarwa, Mba Napari ya dubi dawar da Baba ya shuka, ya ce, “Abinci na Garba yana kai. Ba ni karɓa yanzu.” Da kaka ya sa 'ya'yansa suka girbe, suka kawo mana har gida. Shekarar da ta biyo, gonar ta koma hannunsa, amma da kaka sai ga kwandon dawa ya aiko mana. Haka kowace kaka.

Yau babu gona a wurin, sai gidaje da masu gyaran babur. Da Baba zai dawo, ba zai gane hanya ba, kuma na san zai yi mamakin yadda 'yan'uwa ke kai juna kotu a kan taku biyu na fili. Rumfunansa sun daɗe da sauya hannu, gidan ma an rarraba shi.

Makon jiya Fuseini, jikan Mba Napari, ya sauke kwando daga babur ɗinsa. Na tambaye shi a ina ya noma, tunda gona ta zama gari. Ya sunkuyar da kai.

“Hajiya, a kasuwa na saya. Kakana ya ce kada a fasa.”