Tutar da na sa wa dalma

Ina da shekara arba'in da biyu na fara riƙe fensir, a ajin yaƙi da jahilci na unguwar Sauka Kahuta a Minna, a kan bencin 'yan firamare bayan sun tashi. Tun ban iya rubuta sunana ba malamarmu ta koya mana dokar tuta: ba ta taɓa ƙasa, ba a barin ta a yage kan sanda, ba a zama a kanta. Da girmana na koya, shi ya sa na riƙe gam. Ɗinki ne sana'ata, kuma duk shekara kafin ɗaya ga Oktoba makarantu ke kawo mini aikin tuta. Akwai hedimastan da ya zo daga Paiko, na hango tsohuwar tuta a motarsa yana goge gilashi da ita. Na miƙa masa yadinsa na ce ya nemi wani tela.

Ɗana na fari aikin nutso yake yi a Legas. Yakan goya tukunyar iska ya sauka ƙarƙashin teku ya duba gindin jiragen ruwa. Da ya zo hutun Sallah ya zauna gefen kekena ya ce in ɗinka musu tuta, shi da abokan aikinsa za su sauka da ita ranar 'yancin kai. Na ce ba da hannuna ba. Abin da aka hana ya taɓa ƙasa, ku kai shi inda ya fi ƙasa ƙasa?

Bai yi musu ba, sai ya nuna mini hoton tutar da suka sauka da ita bara a wayarsa, wadda suka saya a kasuwa. Ta nannaɗe a hannun wani kamar tsumman wanke-wanke, gefenta na jan laka. Na ce to ga abin da nake faɗa.

"Shi ya sa na zo wurinki, Inna. Ko kin ɗinka ko ba ki ɗinka ba, bana ma za mu sauka da tuta."

Kwana biyu ban kula shi ba. Amma lakar nan ta tsaya mini a rai. Mahaifina masunci ne daga wajen Bida, aikin jirgin ƙasa ya kawo 'yan'uwansa Minna muka biyo su. Ina ƙarama na sha riƙe masa bakin raga yana gyara. Raga ba ta kwanciya a ruwa, tsayawa take yi kamar bango, don akwai dalma a ƙasanta da abu marar nauyi a samanta. Masuntan yanzu yankakken silifa suke sawa a sama. Ni ba zan sa takalmi cikin tutar ƙasata ba. Na nemo farin soson nan da ake tararwa a kwalin sabon talabijin, na sayo dalma, na yi wa tuta kalmasa mai faɗi sama da ƙasa.

Da ƙaramar tuta na fara gwadawa a durom ɗin tsakar gida. Ta farko ta nutse ta kwanta, na ciro ta da sauri ina ba ta haƙuri. Ta biyu ta taso ta baje a sama. Maƙwabciyata mai sayar da shinkafa ta leƙo ta ce boko ya taɓa mini kai, wai ina yi wa tuta wanka. Ina rage dalma ina ƙarawa har wata la'asar ƙyallen ya miƙe tsaye tsakiyar ruwa. Sannan na ɗinka babbar. Na ce wa ɗana in ta taɓa laka, kada ya sake kawo mini ko maɓalli in sa masa.

Ranar da ɗana ya turo bidiyon saukarsu da hantsi ne, maƙwabciyar tana wurina, ita ta riƙe mini wayar. Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Ba sama, ba bango, sai kore mai duhu da haske na saukowa zare-zare. Ba ka jin komai sai numfashin mutum. Sai ga mutum biyu sun kama gefe da gefe sun buɗe tutar, ta miƙe a hankali, ba iska, tana lanƙwasa kamar mai numfashi ita ma. Koren ya saje da ruwan, farin tsakiyar kuwa yana haske kamar an kunna shi. Wasu ƙananan kifaye suka zo suka rabu biyu suka wuce ta. Ɗinkin da na yi a kekena ne, a can inda ni ba zan taɓa zuwa ba. Na gane ɗana da tsawon ƙafarsa, ya ɗaga hannu ya sara mata, yana reto ba abin takawa.

Maƙwabciyata ta ce ita dai har yanzu ba ta ga ladabi a jiƙa tuta ba. Ni idona na kan kalmasar ƙasa. Na ce ta mayar da bidiyon baya, ta mayar har sau uku. Tsakanin dalmata da laka akwai kusan kamu guda, daga farko har ƙarshe. Sai da ya ƙare na lura a tsaye nake, almakashi a hannuna.