Ranar da Na Kai Surukina Wurin Kukun Turawa

Yaran yanzu suna da wata tambaya da suke kawo mini kamar ni ne alƙalin gari: wai in 'yan'uwa sun zo daga ƙauye, ya dace a kai su gidan abincin irin masu girkin nan da suka yi suna? Nakan gyara zama, in yi gyaran murya, don su san maganar ilimi ce za ta fito. Ni fa aji huɗu na yi cur a elementare, kuma da ba a ciro ni an kai gona ba, da yanzu ana gaishe ni a rediyo. Sai dai wannan fannin ba a aji na karanta shi ba. A Funtua na karanta, a kan kujerar ƙarfe.

Lokacin ina malamin awo a kasuwar auduga. Matata ta rasu a ƙarshen damina, zazzaɓin kwana shida, ta bar mini yarinya 'yar shekara huɗu. Mutane suna ta yaba haƙurina. Ba haƙuri ba ne. Ban dai jin komai ne, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. In tashi, in yi salla, in wanke wa yarinya fuska, in miƙa ta gidan maƙwabta, in tafi wurin sikeli.

Bayan sadakar arba'in surukina ya aiko daga Gozaki cewa zai zo da ƙanwarsa, wato gwaggon marigayiya, su ga yarinya. Kowa ya san irin wannan ganin. Za a duba ne ko a bar mini ita, ko a tafi da ita. A duk duniya lokacin abu ɗaya na san ina so, shi ne a bar mini ita.

To akwai wani kuku kusa da tasha, mutumin kudu, wanda ya daɗe yana dafa wa Turawan kamfanin gurzar auduga. Da suka tafi ya buɗe wurin kansa. Yana sa wata doguwar farar hula kamar buhun gishiri, ga hotonsa na jarida an sa a gilashi an rataye a bango. Ana cewa wani gwamna ya taɓa cin girkinsa har ya nemi ƙari. Ni ban taɓa shiga ba. Amma na zauna na yi nazari irin na masu aji huɗu: in na kai su can, za su ga cewa ni mutumin birni ne, yarinya ba za ta wahala a hannuna ba.

Matar maƙwabcina ta ce, "Malam, kawo dawa in tuƙa musu tuwo, a kai musu ɗaki su ci a tsanake."

Na ce, "Tuwo ai suna da shi a Gozaki."

Ta dube ni, ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Sun iso da hantsi. Baba, wato surukin nawa, ya zauna a zaure. Gwaggo ta shiga ciki ta rungume yarinya ta yi kukanta, sannan ta zagaya gidan tana leƙe-leƙe. Da aka yi azahar na ce su taso, har da yarinya, akwai inda za mu. Baba ya zaci gaisuwa za mu kai wa wani.

Sai da muka zauna, tebur ɗaya, kujera huɗu, gwiwata tana neman taɓa tasa, sannan na tuna. Shekara shida ina auren 'yarsa, ban taɓa ganin Baba yana tauna ba, shi ma bai taɓa ganina ba. In na je Gozaki, ɗaki daban ake kai mini kwano, a saki labule. Wannan na san shi kamar yadda na san sunana. Ga shi kuma dattijo ne da ba ya ko shan ruwa a kasuwa, na kawo shi bakin taga, duk mai wucewa yana kallo.

Aka kawo jar shinkafa da kaza, da wani ɗanyen ganye a gefe, da cokali mai yatsu da wuƙa.

Gwaggo ta ɗaga ganyen da yatsa biyu. "Wannan mantawa suka yi ba su dafa ba, ko na akuya ne aka haɗo mana?"

"Salak ne, Gwaggo."

"Sannu, Bature."

Baba ya ɗan juya kujerarsa ya fuskanci bango, ya tsura wa hoton kukun ido kamar zai yi masa tambaya. Ni kuma na ɗora hannuwana a cinya. Fanka tana juyawa a sama, tana wani ƙara a kowane zagaye. Na tuna na ƙirga mata har wajen sittin.

Can sai ga mai hular da kansa, yana bin tebur-tebur yana gaisawa da mutane. Ya tsaya a kanmu.

"Baba, abinci ba daɗi?"

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

"Ka ƙoshi yaya? Ko taɓawa ba ka yi ba! Wannan fa, gwamna ya ci, ya ce a ƙara."

Baba ya ce, "Allah ya ƙara wa gwamna lafiya."

Kukun ya dube shi, ya dube ni, ya sunkuyo kusa da kunnena. "Mene ne shi a wurinka?"

"Surukina ne."

Ya dafe hularsa. "Kai! Ni da na zo daga kudu na san wannan. Kai ɗan ƙasa?" Ya ce akwai ɗaki a baya, bari a kai wa Baba can. Baba ya yi godiya, ya ce a bar shi, ba ya jin yunwa.

Mutum ɗaya ce ta ci, yarinya. Ta ture cokali ta sa hannu biyu. Ta share nata, ta jawo na Gwaggo, tana ci da sauri ba ta ɗago kai. Gwaggo tana kallonta.

"Uwata, me kike ci a gida?"

"Burodi da shayi. Da ƙosai. In Babana ya manta, sai in je maƙwabta."

Ba ta yi mini ƙarya ba, ko kalma ɗaya.

Gwaggo ta ce, "Ɗazu na leƙa murhunka, Malam. Gizo-gizo ya gama gini, har ya tare."

Baba ya yi magana, fuskarsa tana bango. "Malam, ba mu ce ka gaza ba. Mutuwa ce ta shigo maka. Amma mun zo gidanka, ka fito da mu titi ka ciyar. Mun gane ba a hura wuta. Yarinya za ta bi mu. In Allah ya sa ka sake ajiye iyali, sai a sake magana."

Ina da jawabi da na kwana uku ina shiryawa, har da batun makarantar boko da kusancin asibiti. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, Baba."

Kukun, Allah ya saka masa, ya juye sauran a kwano mai murfi ba tare da an roƙe shi ba. Muka biya gida, Gwaggo ta ɗaure kayan yarinya a zane ɗaya. Da la'asar na raka su motar Malumfashi. Yarinya tana kan cinyar Gwaggo, riƙe da cinyar kaza, ta ɗago mini ita ta taga. Na ɗaga hannu. Motar ta tashi. Na koma gida na ci abin da ke kwanon a tsaye, ya huce. Masu tambayata ko girkin mutumin ya kai yadda ake faɗa, su yi haƙuri, bakina bai gaya mini komai ba ran nan.

Na sake aure bayan shekara biyu, na je Gozaki aka sake magana kamar yadda aka yi alkawari. Baba bai hana ba. Ya ce a kira ta a tambaye ta. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ni da kyau, sannan ta koma bayan Gwaggo ta riƙe mata zane. A can ta girma, a can ta yi aure. Yanzu ita ma tana da jikoki, kuma in na je takan ce musu, "Ku zo ku gaida Baban Funtua."