Agwagin Darma

Aikina na uku a garin Greensboro na Amurka shi ne kula da wani tsoho ɗan ƙasar Poland. Na farko a wani sito ne a titin Wendover, inda na yi wata biyar ina liƙe kwali kafin na gaya wa shugabarmu abin da ke raina, ita kuma ta nuna min ƙofa. Na biyun ba shi da labari. Antina, ƙanwar mahaifiyata da nake zaune a wurinta, ita ta kai ni kamfanin da ke tura mutane gidajen tsofaffi. Tun a mota ta fara ja min kunne.

"Ki riƙe bakin nan naki. Tsoho ne, ba sa'anki ba. In ya yi magana ki ce to."

"In ya yi ƙarya fa, Anti?"

"Ki ce to, ki ƙara masa da sannu."

Gidan a Pleasant Garden yake, can inda kowane gida ke zaune shi kaɗai a tsakiyar fili kamar ya yi faɗa da maƙwabta. Na 'yarsa ne, ma'aikaciyar asibiti, mai fita da asuba ta dawo bayan magariba. Shi kuwa ya haura tamanin da biyar, dogo ne amma ya ranƙwafa, hannunsa na rawa. Aikina in ba shi magani, in ɗumama masa miyar kabejin da 'yar ta dafa ta jera a firij, in kuma tabbatar bai faɗi ba. Baba nake ce masa. Ya ce a yarensu tsohuwa ake kira haka, amma ya yafe min. Shi kuma da sunana ya gagare shi, sai ya sa min Madam Sauri.

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana zana jiragen sama marasa inji a wata masana'anta da ke gindin duwatsun kudancin ƙasarsu. Ranar da ya fara gaya min, na ɗauka ruɗin tsufa ne.

"Jirgi ba inji? Baba, ai wannan faɗowa ake ce masa."

"Faɗowa ce mana," in ji shi. "Aikina shi ne in sa ta ɗauki awa shida."

Wani jirgin ne ke jan sa da igiya, in sun yi sama a sake shi, matuƙin ya nemi iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa ya hau ta yana kewayawa. Na ce kamar shirwa a saman kwata ke nan. Sai da na yi masa bayanin shirwa da kwata, ya ce haka ne, kuma shirwar ta fi su iyawa.

Da gogar katako ya fara tun yana matashi, har ya kai matsayin wanda ake jira ya ce fiffike ya yi kafin a taɓa zarto. A bangon gareji akwai hotunan jiragensa, farare, sirara, fikafikansu dogaye har ka ce za su karye. Da mulki ya sauya a ƙasarsu masana'antar ta durƙushe, aka sallame su. Fiffike na ƙarshe da ya zana ba a taɓa ƙera shi ba, takardun ma ba wanda ya san inda suka shiga. Ya koma koyar da zane har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, 'yar ta ɗauko shi.

Wannan fiffiken yake so ya sake fitarwa daga kansa. Lissafin ya gudu, saura abin da ido ya riƙe. A gareji ya ɗora tsohon ƙyaure a kan ƙafafu ya zama tebur, ya shimfiɗa doguwar takarda. A kanta akwai wata siririyar sandar katako mai lanƙwasa kamar bulala, da dunƙulen darma goma sha huɗu, kowanne girman sabulun wanki, da ɗan ƙugiya a gaba kamar baki. Agwagi yake ce musu. Su ke danne sandar ta tsaya a siffar bayan fiffike. Da zai taho Amurka ya bar rigunansa na kwat don su samu wuri a akwati.

Kullum da hantsi sai in ɗaga masa ƙofar gareji haske ya shigo. Ya je ƙarshen tebur, ya kwantar da kunci a kan katako, ya daɗe yana kallon sandar. Sannan ya matsar da agwagwa guda ɗaya ɗan kaɗan, har ba ka ganin ta motsa. Shi ke nan aikin ranar. Wata uku ana haka, takarda fara fat.

"Baba, ka ja layin mana mu huta."

"A'a. Da an ja layi ido zai yarda da shi, ko da ƙarya ne. Fensir shi ne na ƙarshe."

Ni dai ina kan kujera ina latsa waya. A ganina dara ce irin ta tsofaffi, yana yi shi kaɗai.

Sau biyu ya faɗi a banɗaki cikin sati guda. 'Yar ta yi kukanta, sannan ta samo masa ɗaki a wani gidan tsofaffi wajen Sedgefield, aka sa ƙarshen wata. Ɗakin gado da kujera kawai yake ɗauka, tebur ba zai shiga ba. Bai yi gardama ba. Cewa ya yi kwanakin sun ishe shi, agwagwa biyu ce ta rage masa wajen wutsiya.

Ranar wata Talata 'yar ta kai shi asibitin ido za a yi masa allura. Tana fita ta ce in ɗan gyara garejin kar ya yi tuntuɓe. Ƙasa take nufi, yanzu na sani. Amma a gidan da na tashi, in aka ce ki gyara ɗaki kika share ƙasa kika bar tarkace a kan tebur, sai kin sake, da zagi a kai. Na share, na goge, na jera kwalaye. Na zo kan tebur na fara kwashe agwagi ina zubawa a bokiti. Ina ɗaga ta tsakiya sandar ta yi tsalle ta miƙe, har ta doke ni a hannu. Na rataye ta a ƙusa, na kaɗe takardar da tsumma. Duka bai fi minti ashirin ba. Har daɗi na ji da na tsaya ina kallon wurin.

'Yar ta sauke shi a ƙofa ta wuce aiki. Ya shigo da bandeji a ido ɗaya, ya nufi gareji kamar kullum. Na ga ya tsaya. Ya sa tafin hannu a kan takardar ya shafa daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Ina suke?"

"Ga su a bokiti, ba wadda ta ɓata. Sai a mayar. Ai na ga inda suke."

Ya jawo kujera ya zauna. "Mayar," in ji shi.

Na ɗauko sandar na lanƙwasa, na jera su yadda na tuna. Ya tashi da ƙyar, ya kwantar da kunci ya duba.

"Wannan ayaba ce."

Bai ɗaga murya ba. Shayi ya ce in haɗa masa, kuma har ya huce bai taɓa ba.

Da na gaya wa Anti, cewa ta yi, "Ke da ba kya gyara gadonki, yau tsabta ta tashi? Gobe ki je ki roƙe shi gafara yadda ake yi wa babba."

Washegari na durƙusa a gabansa har ƙasa. Ya leƙo yana dube-dube.

"Me ya faɗi?"

"Ba komai. Haƙuri nake ba ka."

"Tashi. Hannunki nake bukata, ba gwiwarki ba."

Saura kwana tara. Shi yana ƙarshen tebur da kunci a kan katako, ni ina tsaye a kan agwagi. Ya ce, "Ta bakwai, gaba, kaurin gashi ɗaya." In matsar.

"Madam Sauri, gashi na ce, ba igiya ba."

In dawo da ita, ya ce na wuce. In ka gyara ta bakwai, ta biyar da ta tara sun ɓaci, saboda sanda ɗaya ce, duk inda ka taɓa ko'ina ya ji. Wannan ne ban gane ba wata uku ina zaune a wurin. Ga shi idon tun bayan allurar bai koma daidai ba, ya ce tsakiyar duk abin da ya kalla hazo ne, gefe kawai yake gani. Ya gwada bin sandar da yatsa, rawar hannu ta ture agwagwa biyu. Nakan wuce lokacin tashina ba tare da na lura ba, har Anti ta fara tambaya ko Baturen ya yi min asiri ne. 'Yar kuwa bai gaya mata komai ba. In ta tambaya sai ya ce aiki na tafiya.

Ana gobe tafiya, da la'asar, ya daɗe a kwance a kan teburin har na ɗauka barci ya ɗauke shi. A idona layin ya yi kyau. Na fiƙe fensir na miƙa masa.

"Ja, Baba. Ko ka bari in ja maka."

"Akwai ƙusumbi a wajen ta huɗu."

"Ina? Ni ban ga komai ba."

"Ni ma ban gani ba. Amma yana nan."

"To wa zai sani?"

"Ban taɓa jan layin da ban yarda da shi ba. Mutum ne zai zauna a ciki."

Raina ya ɓaci, ɓacin kwana tara gaba ɗaya, na gaji da shi na gaji da kaina. Na ce, "Baba, ba wanda zai hau jirgin nan. Ba wanda zai ƙera shi. Takarda ce kawai."

Ya ɗago kunci daga kan katako, shatin tebur a fuskarsa.

"Na sani," in ji shi. "Tun kafin a haife ki na sani."

Ya ce in naɗe takardar in ɗaure da zare. Haka na naɗe ta, ba ko ɗigon fensir.

Da safe 'yar ta zo da kwalaye. Ta ga naɗin takarda a hannuna, fuskarta ta washe.

"Ka gama?"

"Na gama."

Ta ce za ta kai a sa mata gilashi a rataye a falo. Ya ce kar ta buɗe sai bayan ransa. Ta yi dariya ta ce rigimarsa ta yi yawa. Ina tsaye a wurin. Ni da aka kora daga aiki saboda baki, ranar bakina bai buɗe ba. Na sa takardar a bayan mota na rufe.

Kamfani ya tura ni gidan wata tsohuwa mai karnuka biyu. Na yi ta cewa zan je in gaishe shi ranar Asabar, Asabar ta yi ta wucewa.

Bayan kamar wata bakwai 'yar ta kira ni. Ina cikin cunkoson Wendover, na faka a gaban wani kanti. Ta ce ya rasu sati biyu da suka wuce, cikin barci. Na yi mata ta'aziyya yadda na iya. Sai ta ce ta buɗe takardar, babu komai a ciki, ko wata daban na naɗe bisa kuskure?

Na ce a'a, ita ce. Na gaya mata duka, da bokitin da tsumman da abin da na ce masa ranar ƙarshe. Ban rage komai ba.

Na zaci zagi zai biyo, kuma da na fi son haka.

"Na farkon," in ji ta, "wanda ya kusa gamawa kafin ki kwashe agwagin. Kin gan shi ai. Yana da kyau?"

Na ce mata ban taɓa dubawa ba.